ZANCEN GONA: Mai gawo ya karɓi yabonsa

Shekara da shekaru ke nan baƙi suna zuwa ƙauyukan Damagaram kallon itatuwa. Wasu daga Yamai, wasu daga Turai da Amurka, wasu daga ƙasashen Afirka maƙwabta. Sukan sauka Matamaye, ko Magarya, ko Mirriya, a kai su gona. Su tsaya su ɗaga kai su dubi gawo, su ɗauki hoto. Sa'an nan su gaya wa mai gonar, ta bakin tafinta, cewa shi jarumi ne, shi ya tsai da hamada, duniya duka tana koyi da shi. Mai gona kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce shi bai yi komi ba. Wani ya ce ikon Allah ne kawai. Wani ya ce aikin furoje ne. Wani ma in baƙin sun tafi sai ya yi dariya, yana mamakin mutanen da suka ƙona mai kilomita wajen 900 don su ga iccen da akuya ta shuka da kashinta.

Baƙon ya zarce gaskiya, mai gonar kuma bai kai gare ta ba. Kowane ɗaya daga cikin biyun yana jawo wa manomi hasara, shi ya sa zancen wannan wata ya tsaya a kansu.

YADDA GONAKI SUKA ZAMA FILI

Gawo ba baƙo ba ne a Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar birni, ya rasu a shekara ta 1884, aka san darajarsa. Tsofaffi suna ba da labari, har ya shiga littattafan masana, cewa sarkin ya kafa doka mai tsanani: wanda ya sare gawo a bakin ransa, wanda ya datse reshensa ba dalili a bakin hannunsa.

Da Nasara ya zo, sai itatuwa suka koma na hukuma. Dokar daji ta 1935 ta fara, ta 1974 ta bi sawunta. Gawo yana cikin jerin itatuwan da aka hana taɓawa sai da takarda. Manomi in ya sassabe reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa, ana iya cin sa tara. To, iccen da ba naka ba, wanda kuma zai iya jawo maka tara, ina amfanin renonsa? Sai mutane suka riƙa cire shi tun yana ƙarami, kafin ma'aikacin daji ya gan shi. Ga kuma noman gujiya. Malaman gona na wancan lokaci suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share fes, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce.

Daga nan fari ya zo. An sha na 1973 da 1974, ba a gama farfaɗowa ba na 1984 ya faɗo. Ita ce shekarar da mutane suka sa wa suna El Buhari, don Najeriya ta rufe iyakarta a watan Afrilu na 1984, ba ta buɗe ba sai a 1986. Waɗanda suka ga wannan zamani ba su manta ba. Iska takan taso farkon damana ta binne shuka da rairayi, sai an yi shuka sau biyu, sau uku. Mata suna dafa tuwo da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su zauna gona su zama taki.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Tun 1975 ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itace. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada. An kashe kuɗi masu yawa wajen renon dogon yaro da turare, an dasa dubbai. Amma da yawa daga cikin dashen bai rayu ba, don babu mai ba shi ruwa da rani, babu mai kore masa akuya. Abin kowa, ba na kowa ba ne.

ABIN DA MANOMI YA YI

Ana cikin haka, ba tare da an buga ganga ko an kira taro ba, manoman kudancin Damagaram suka canza hannu. Akuya da tunkiya da saniya suna cin ƴaƴan gawo, ƙwayar ta fita cikin kashinsu ta yi laushi, a kai takin gona, damana ta faɗi ya tsiro. A da hauya ce ke cinye shi. Yanzu mai noma yakan kauce masa. Haka kututturen kalgo, da sabara, da aduwa, da magarya: maimakon a sare tohonsu duka a ƙone, sai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Shi ne ake kira sassabin zamani.

Aikin yana da sauƙin faɗi, amma yana son ido da haƙuri. Sai an san wane tsiro za a bari, wane za a cire. Sai an san tazarar da ba za ta hana hatsi rana ba. Sai an aske rassan ƙasa kowace shekara don iccen ya miƙe. Sai an tsare shi shekara uku ko huɗu daga bakin bisashe, da gatarin yara, da ɓarawon icce mai zuwa da dare. Sai an jure dariyar maƙwabta, don waɗanda suka fara an ce musu ragwaye, masu ƙazamar gona.

Gawo kuwa ya rama alheri. Halinsa dabam ne da na sauran itatuwa: da damana yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya inuwantar da hatsi, ganyensa kuma ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka ke bukata. Saiwarsa tana nutsewa can ƙasa neman ruwa, ba ta tsere da ta hatsi. Da rani bisashe su kwanta inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar taki. Duk manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili.

YADDA DUNIYA TA JI LABARI

Kusan shekara 20 aka yi ana wannan aiki, manyan ofisoshi ba su sani ba. Rahotanninsu suna ta cewa itatuwan Nijar suna ƙarewa, don su abin da aka dasa suke ƙirgawa. Sai wajen 2004 zuwa 2006 wasu masana suka duba da kyau. Akwai Larwanu Mahamman, masanin daji ɗan Nijar, da Kiris Raij na ƙasar Holan, da Gire Tafan na Amurka. Suka ɗauko hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975, suka gwada su da na tauraron ɗan Adam, suka kuma shiga gonaki da ƙafa. Binciken 2006 ya nuna cewa a Magarya da Matamaye da Mirriya kaɗai an rayar da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 1. A ƙasar Nijar duka suka kimanta hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2009 suka ƙiyasta cewa wannan yana ƙara wa ƙasa hatsi kimanin tan 500,000 kowace shekara, abincin mutum miliyan 2 da rabi.

Daga nan labari ya tashi. A watan Fabrairu na 2007 babbar jaridar birnin Niyok ta buga shi. Masu shirin nan na katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, suka riƙa kafa misali da manoman Nijar. Yau har a Habasha da Gana da Kenya ana koyar da sassabin zamani.

YABON DA YA WUCE GONA DA IRI

Baƙo in ya ga abin mamaki yakan ƙara masa gishiri. A bakin wasu, manomin Damagaram ya zama kamar waliyyi: mutum mai son icce fiye da cikinsa, wanda ya ci hamada da yaƙi, wanda yunwa ta yi ban kwana da gidansa. Mai gona in ya ji wannan ya san ba shi ake nufi ba.

Gaskiyar ita ce matsi ya sa shi. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ɗan ɗoriya. A ta 2012 sun wuce miliyan 17, jihar Damagaram kaɗai tana da miliyan 3 da rabi. Gonar da kaka ya noma shi ɗaya, jikoki goma suka raba. Ba sauran barin gona ta huta, ba kuɗin takin zamani. Gawo ne takin talaka.

Yunwa kuma ba ta tafi ba. A 2005 ta yi tsanani har Kofi Anan, shugaban Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zo Damagaram da kansa a watan Agusta. Ta sake dawowa a 2010. Gundumar Kance, inda gawo ya fi yawa, ta sami rarar hatsi fiye da tan 13,000 a 2011, shekarar da damana ta ɓaci a wurare da dama. Amma daga wannan yanki ne yawancin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya suka fito, a watan Oktoba na 2013, kuma galibinsu mata ne da yara. Rarar da ke cikin lissafin gunduma ba ta shiga kowane rumbu ba.

Yabo mai gishiri yana da illa biyu. Ta farko, yakan ɗaure bakin mai gona. Mutumin da aka gama kira jarumi yana jin nauyin ya ce rijiyar garinsu ta ƙafe, ko ɓarayi sun sare masa gawo biyar, ko rikicinsa da makiyaya bai mutu ba. Baƙo ya tafi da labari mai daɗi, matsala ta zauna inda take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai faɗa ba wa zai faɗa?

Illa ta biyu a zuciya take. Akwai manomin da ya san cewa a muguwar shekara shi da kansa ya sare gawon da ya rena, ya sayar da iccen ya sayi tiya biyu ta hatsi. In aka yabe shi sai ya ji kamar ya saci yabon wani, ya ga bai cancanta ba. Wannan kuskure ne. Iccen da ya ceci yara daga kwana da yunwa ya yi aikin da aka rene shi dominsa. Rumbu ne na biyu, wanda ke tsaye a gona. Wanda bai rena ba, ranar ba shi da abin sarewa.

ƘIN YABO SHI MA HASARA NE

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, kuma kunya ado ce. Ba wanda ke son mutum mai cika baki a dandali. Amma Bahaushen nan dai shi ya ce yabon gwani ya zama dole. Mutum ya ƙi yabon kansa abu ne mai kyau. Ya musanta aikin da hannunsa ya yi, wannan kuma ya zama wani abu dabam.

Mai cewa ikon Allah ne ya faɗi gaskiya, don ba mai tsirar da ƙwaya sai Shi. Amma ga gonaki biyu, iyaka ɗaya ta raba su. Ruwan da ya sauka a wannan shi ya sauka a waccan. Ɗaya tana da gawo 40, ɗaya fili fetal. Hotunan tauraron da masanan nan suka nuna sun kama irin wannan a kan iyakar Nijar da Najeriya: ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, harshe ɗaya, amma itatuwan gefen Nijar sun fi yawa nesa ba kusa ba. Allah ya ba kowa tsiro. Wani ya kauce masa da hauya, wani ya sare. Malamai ma suna koyar da cewa ambaton ni'ima yana cikin godiya.

Mai cewa aikin furoje ne, shi ma ya dubi tarihi. Gaskiya ne wani Bature ɗan Ostiraliya, Toni Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a 1981, ya yi babban ƙoƙari. A 1983 ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, kuma a yunwar 1984 aka ba mutanen ƙauyuka kusan 100 abinci da sharaɗin su bar itatuwa. Aka bar wajen 500,000. Da abincin ya ƙare, aka sare kashi biyu cikin uku. Abin da ya rage ya yaɗu ne don wasu manoma sun ga amfani da idonsu, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, kuma shi kansa ya sha faɗin cewa manoman Nijar ne suka yi aikin. A kudancin Damagaram ma babu wani furoje da ya isa ya bi hekta miliyan 1 gona gona. Hannun masu gonakin ne.

Mata ma suna da nasu rabon yabo da ba a cika ba su ba. Kukokin Mirriya sun shahara, kuma mata ne ke tsinkar ganyen, su shanya, su daka, su kai kasuwa. Da wannan ciniki gidaje da yawa ke cin miya da sayen sabulu.

ABIN DA ZA A IYA RASAWA

Wani zai ce, to, mene ne a ciki in mutum ya ƙi yabo? Akwai abubuwa uku.

Na ɗaya, mallaka. Doka ta canza. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, masu ba da takardar shaidar gona. Dokar daji ta 2004 ta sassauta ta da. Sa'an nan ranar 30 ga watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassabin zamani, wadda ta amince cewa wanda ya reni icce a gonarsa shi ke da hakkin cin moriyarsa. To, mutumin da ya saba cewa iccen da kansa ya fito, shi bai yi komi ba, me zai faɗa ranar da aka yi jayayya gaban mai gari ko gaban Kofo? Da bakinsa ya ba da hujjarsa. Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, wanda aka ba lambar yabo tare da Rinaudo, duniya ta kira shi mutumin da ya tsai da hamada, har aka yi fim a kansa a 2010. Duk da haka, da garin Wahiguya ya faɗaɗa, an yanka wani sashe na dajin da ya rena aka yi filayen gidaje. Ya sha fama kafin a kewaye sauran. Ya rasu a 2023. Tafi da kirari ba su tsare fili, shaida da takarda ke tsare shi.

Na biyu, gado. Yaro ba ya koyon abin da ubansa ya rena wa daraja. In uba yana cewa wannan ba wani abu ba ne, ɗa zai ɗauka ilimi yana Kano ko Agadas ko Libiya, banda gonar gidansu. Yaran da aka haifa bayan 1990 sun buɗe ido sun tarar da inuwa, suna zaton haka ƙasar take tun asali. Ba su ga shekarar da iska ke binne shuka ba. Wanda bai san wahalar da aka sha wajen tsai da icce ba, gatarinsa ba ya jin nauyi.

Na uku, ciniki. Ƙungiyoyi da masu kuɗi suna ta zuwa da shirye-shirye a kan itatuwan Sahel. Manomin da ya ɗauki kansa jahili zai zauna ƙasa a koya masa abin da shi ya ƙirƙiro, ya yi godiya, ya sa hannu a takardar da bai tambayi abin da ke cikinta ba. Wanda ya san shi ne gwanin zai zauna a matsayin mai kaya, ya tambayi nawa, na wa, har yaushe.

YADDA AKE KARƁAR YABO

Hanyar ba ta da wuya. Mai gona, ko a Zermu yake, ko Dogo, ko Hamdara, ko Kance, ya fara da ƙirga itatuwansa: gawo nawa, kalgo nawa, kuka nawa, a wace shekara ya fara barinsu. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya rubuta a takarda, da boko ko da ajami, ya ajiye. Wanda bai iya ba ya sa ɗansa ɗan makaranta. Ƙidaya ba ta cika baki, ba ta kuma rage wa kowa hakkinsa.

In baƙo ya zo ya ce masa jarumi, ya amsa da abin da ya sani: gonar nan fili ce a shekara kaza, ya bar itatuwa kaza, damin da yake samu ya tashi daga kaza zuwa kaza. Ya gode wa Allah, ya ambaci wanda ya koya a wurinsa, ko uba ne ko maƙwabci. Sa'an nan ya ƙara da abin da ya rage: ɓarayin icce, ƙarancin ruwa, watannin da rumbu ke ƙarewa kafin kaka. Baƙon kirki zai fi amfana da wannan amsa, kuma abin da zai kai gida zai fi kusa da gaskiya.

Masu gari da limamai da malaman makaranta su ma suna da aiki. A taron gari a kira sunan waɗanda suka fara barin gawo tun ana yi musu dariya, tun suna da rai su ji da kunnensu. A kai ƴan makaranta gonar dattijo ya nuna musu yadda ake aske reshe. Mutumin da kunya ta hana shi yabon kansa, in danginsa suka yabe shi daidai gwargwado, zai karɓa ba tare da jin nauyi ba.

Lokacin sassabe ya kusa. Kowane mai gona zai sake tarar da ƙananan tsirrai gaban gatarinsa, ya zaɓi wanda zai bari. Ya zaɓa yana sane da cewa shi gwani ne a wannan aiki, kuma ya tafi da yaro ɗaya ya tsaya kusa da shi yana kallo. Allah ya ba da damana mai albarka, ya tsare itatuwa da masu renonsu.